Mulki da shari'a a tsohuwar Rum: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa kiran wani "sanata", ko ya ji a rediyo an ce Rasha ko Amurka ta hau kujerar na-ƙi, to ya ɗauki kayan Rumawa bai sani ba. Tambayoyin nan su ne ɗalibai suka fi yi mini in muka zo kan wannan babi, na kuma ƙara da wasu da na so a ce sun yi. Inda aka ga K.M. ana nufin kafin miladiyya, kuma a can lissafi da baya-baya yake tafiya: 509 ta riga 44.

Wace Rum ake nufi? Ita ce ta cikin Suratur Rum?

Tushe ɗaya ne, zamani ne ya bambanta. Rum ta fara ne tana ɗan ƙaramin gari a bakin kogin Tiba, a tsakiyar Italiya, kuma Rumawan da kansu sun ce an kafa ta a 753 K.M. Sarakuna suka fara mulkinta, daga 509 K.M. ta koma jamhuriya, daga 27 K.M. kuma ta shiga hannun Kaisarori. Ɓangaren yamma ya rushe a 476 miladiyya. Na gabas, mai hedikwata a birnin da yau ake kira Istanbul, ya kai har 1453. Waɗannan na gabas su ne suka gwabza da Farisa a zamanin Hirƙal, su ne na cikin surar. Girkanci suke yi, amma da za ka tambaye su, cewa za su yi su Rumawa ne.

Me ya raba su da sarauta?

Ga labarin da suke ba 'ya'yansu. Sarki na bakwai, Tarkwiniyus, wanda suka yi wa laƙabi da Mai Girman Kai, ya mayar da dattawa 'yan kallo, yana kashe wanda ya ga dama. Sai ɗansa ya yi wa wata matar aure mai mutunci, Lukireshiya, fyaɗe. Ta kira mijinta da mahaifinta ta faɗa musu, sannan ta soka wa kanta wuƙa. Aka fito da gawar dandali, gari ya tashi, aka rufe wa sarki ƙofa. Ko da an sa wa labarin gishiri, abin da ya biyo baya ba tatsuniya ba ne: kusan shekara ɗari biyar kalmar "sarki" tana zaman zagi a bakin Rumawa. In kana so ka gama da ɗan siyasa, ka ce sarauta yake nema. A nawa ganin, duk tsarin da suka gina amsar tambaya ɗaya ce: yaya za a ba mutum ikon yaƙi da hukunci, a kuma hana shi zama daram a kai?

Shugabanni biyu lokaci guda? Ba an ce ba a sarki biyu a gari ɗaya ba?

Su da gangan suka yi biyun. Kowace shekara ana zaɓen kwansul biyu, wa'adinsu shekara ɗaya tak, kuma in ɗaya ya ce a yi, ɗaya ya ce a'a, a'ar ce ke ci. A cikin gari wata-wata suke karɓa. Mai watan za ka gane shi da dogarai goma sha biyu jere a gabansa, kowanne ya saɓa damin sanduna. In an fita wajen iyakar birni sai a cusa gatari a cikin damin, in an dawo a zare shi, domin a cikin birni ɗan ƙasa na da damar kai kukansa ga jama'a kafin a taɓa wuyansa.

Rikici kam akwai. A yaƙin Kanna, 216 K.M., kwansul biyu ne ke jan runduna ɗaya, yau wannan gobe wancan, ra'ayinsu kuma bai zo ɗaya ba, Hanibal, janar ɗin abokan gabarsu na Kartaj, ya yi musu kisan da ba su taɓa mantawa ba. In abu ya yi tsanani sukan naɗa mutum ɗaya, dikteta, na wata shida. Kalmar a lokacin ba ta da warin da take da shi yau. Gwarzonsu a nan shi ne Sinsinatus, wanda aka ce an iske shi yana aikin gona a 458 K.M., ya karɓi iko, ya ci yaƙi, ya ajiye cikin kwana goma sha shida ya koma gonarsa.

Kafin ka kai kwansul akwai tsani: ma'aji, sannan mai kula da kasuwa da tituna da wasanni, sannan fireta mai kula da shari'a. A ƙarshen jamhuriya sai ka kai shekara 42 za ka nemi kwansul. Babu albashi ko anini. Kai ne ma za ka zuba kuɗinka wajen shirya wa jama'a wasanni, wanda ke nufin aikin ba na mara hali ba ne.

Majalisar dattawa ce ke yin doka?

A takarda, a'a. Shawara kawai take bayarwa. Sunanta ma daga kalmarsu ta "tsoho" ya fito, kuma ba zaɓen 'yan majalisar ake yi kai tsaye ba: tsofaffin masu muƙami ne, in ka shiga ka shiga ke nan sai mutuwa ko kora. Sun daɗe suna wajen 300, janar Sulla ya mayar da su 600, Yuliyas Kaisar ya kai su 900, Agustas, Kaisar na farko, ya dawo da su 600. Sai dai shawarar da ke riƙe da baitulmali, take ganawa da jakadu, take raba wa gwamnoni larduna, ta wuce shawara. Kwansul ya san shekara ɗaya zai yi ya dawo ya zauna cikin mutanen nan har ƙarshen ransa. Wa zai ɓata da su?

Masu tace jerin sunayen su ne jami'an ƙidaya biyu da ake zaɓa duk shekara biyar. Suna iya cire mutum don halinsa kawai. An ruwaito cewa Kato, da ya riƙe muƙamin a 184 K.M., ya kori wani daga majalisa don ya sumbaci matarsa da rana tsaka a gaban 'yarsu.

To talaka yana da ƙuri'a?

Yana da ita, amma a duba nauyinta. A taron da ke zaɓen kwansul an kasa maza 'yan ƙasa gida 193 bisa ga dukiya, kowane gida ƙuri'a ɗaya. Mahaya dawaki suna da 18, ajin farko na masu hali 80. Ka haɗa, 98 ke nan, sun riga sun haura rabi. Marasa komai, duk yawansu, gida ɗaya aka zuba su. Kuma daga sama ake farawa, da zarar an samu rinjaye a tashi, don haka sau da yawa talaka bai ma kai ga jefawa ba. Daga baya an ɗan sassauta lissafin, amma bai sauya zani ba.

Taron da ya fi yin dokoki kuwa bisa ga gunduma yake, 35, huɗu na cikin birni, 31 na karkara. Sai ka zo Rum da ƙafarka za ka jefa. Manomin da ke tafiyar kwana uku ba zai bar shuka ba, mai gandu kuwa yana da gida a birni. Ƙuri'ar sirri sai a 139 K.M. ta shigo, kafin nan da baki kake faɗa, ubangidanka na ji.

Yaƙin neman zaɓensu zai yi wa mai karatu kama da wani abu da ya sani. Ɗan takara yana sa farar riga da aka goge da alli, ya zaga dandali yana gaisawa, bawa na biye da shi yana raɗa masa sunan kowa don ya kira shi kamar tsohon aboki. An yi ta kafa dokokin hana sayen ƙuri'a, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawan dokokin ya isa ya gaya maka ko sun yi aiki.

Yaya aka yi gama-garin mutane suka samu wakilai?

Da yaji. A 494 K.M. bashi ya yi musu katutu, ga masu asali sun kankane muƙamai da limanci da sanin doka. Sai suka tattara suka fice daga gari suka zauna kan wani tudu, suka ce yaƙin ma ba za su je ba. Tunda su ne sojojin, dole aka bi su biko. Abin da suka dawo da shi shi ne muƙamin tiribun, garkuwar talaka, daga baya suka zama goma. An yi rantsuwa duk wanda ya taɓa jikin tiribun jininsa ya halatta. Ƙofar gidansa a buɗe take dare da rana, ba ya kwana wajen gari, kuma yana iya shiga tsakanin jami'i da wanda zai kama, ko ya tsayar da doka da cewa ya hana. Kujerar na-ƙi daga nan ta samo suna.

Sauran a hankali suka zo: auratayya tsakanin ɓangarorin biyu a 445, damar zama kwansul a 367, sannan a 287 K.M. aka yarda abin da taron gama-gari ya zartar ya hau kan kowa. Sai dai waɗanda suka fi cin riba su ne attajiran cikinsu, da suka haɗe da masu asali suka zama sabbin manya.

Mene ne Alluna Goma Sha Biyu?

Dokar Rum ta farko a rubuce, ta 451 zuwa 450 K.M. Kafin nan doka tana cikin kan limamai masu asali, abin da suka ce shi ne. Aka naɗa mutum goma suka rubuta, aka kafe a dandali. Sisaro, shahararren lauyansu, ya ce suna yara haddace ta suke yi kamar waƙa. Allunan sun ɓace, guntaye ne suka iso gare mu ta bakin marubutan baya, amma guntayen sun isa ka ji ƙamshin garin manoma.

Da sammaci ta fara. In mutum ya kira ka gaban shari'a, ka je. In ka ƙi, ya kafa shaida ya ja ka da ƙarfi. In tsufa ko ciwo ya hana ka, shi zai kawo maka dabbar hawa, amma ba dole ya shimfiɗa maka keken mai rufi ba. Wanda ya illata gaɓar wani, in ba su daidaita ba, a yi ƙisasi. Karya ƙashin ɗa tara ce ta kwabon tagulla 300, na bawa 150. Ɓarawon dare in an kashe shi ya tafi a banza. Ba a binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Reshen bishiyar maƙwabci da ya yi wa gonarka inuwa a sare shi har tsawon ƙafa 15. Har da hukuncin wanda ya yi tsafi ya janye amfanin gonar wani zuwa tasa.

Babin bashi ne mai tayar da tsikar jiki. Bayan hukunci kana da kwana talatin. In ba ka biya ba, ba kuma wanda ya tsaya maka, mai bin ka ya tafi da kai gidansa ya sa maka sarƙa, yana ba ka ɗan awon hatsi kullum. Kwana sittin, ana fito da kai ranar kasuwa sau uku ana shelar abin da ake bin ka, ko wani zai fanshe ka. In ba a samu ba, a sayar da kai ƙetaren Tiba ko a kashe. In masu bin suna da yawa, dokar ta ce su yanka su raba. Marubutan Rum na baya sun ce ba su taɓa jin an aikata wannan ba.

In ina da ƙara a Rum, yaya zan yi?

Kai za ka kawo abokin shari'arka, ba wanda zai kawo maka shi. Zama biyu ne. Na farko gaban fireta, wanda ba ruwansa da wa ke da gaskiya. Aikinsa ya duba ko doka ta san irin wannan ƙara, ya rubuta 'yar takarda kamar haka: wane ya zama alƙali, in ya tabbata ana bin wane dubu goma ka ci shi, in bai tabbata ba ka sallame shi. Na biyu gaban alƙalin, wanda ba ma'aikaci ba ne, mutumin gari ne mai mutunci da ku biyu kuka yarda da shi. Shi zai ji shaidu ya yanke. In abin ya shige masa duhu yana iya rantsewa bai gane ba, a nemo wani.

A farkon zamani lafazi ne komai. Wani ya kai ƙarar an sare masa kurangar inabi, ya ce "inabi", alhali dokar "bishiyoyi" ta ce. Ya faɗi. Shari'a saɓanin hankali. Firetoci ne suka riƙa warware irin wannan ƙulli: kowane sabo yakan kafe sanarwa a farin allo ta irin ƙararrakin da zai saurara a shekararsa, ya ɗauki na wanda ya gada, ya ƙara nasa. Ta haka doka ta yi ta girma ba tare da an taɓa tsofaffin allunan ba.

Ga misalin da nake so. Allunan sun sa tarar cin mutunci kwabo 25. Ƙarnuka suka wuce, kuɗin ya zama ba komai ba. Sai wani attajiri mara kunya, Beratiyus, ya riƙa yawo a titi yana sharara wa mutane mari, bawansa na biye da jaka yana ƙirga wa kowa 25 nan take. Firetoci suka ga abin ya zama wasa, suka koma sa a ƙiyasta diyya gwargwadon cin fuskar da matsayin wanda aka ci wa.

Su wane ne masanan shari'ar da ake ta yabo?

Ba su ne lauyoyi masu zuba a gaban alƙali ba. Waɗancan gwanayen baki ne, irin su Sisaro, kuma wata doka ta 204 K.M. ta hana su karɓar lada, ko da yake kyauta da wasiyya sun san hanyar gidajensu. Masanan kuwa manyan mutane ne da ake zuwa wurinsu da matsala su ba da amsa kyauta, kusan yadda ake zuwa wa malami da neman fatawa. Ba su cika son dogon falsafa ba. Mas'ala suke so.

Ga ɗaya. Wanzami ya kafa kujerarsa kusa da filin da ake wasan ƙwallo, yana yi wa bawan wani aski. Wani ya bugo ƙwallo da ƙarfi, ta doki hannun wanzamin, aska ta yanke maƙogwaron bawan. Wa zai biya mai bawa? Wani masani, Mela, ya ce a duba wanda sakacin ya fito daga gare shi. Furokulus ya ce wanzamin ne, don me zai yi aski inda ake wasa. Ulfiyan ya ƙara da cewa ai akwai magana ga wanda ya miƙa wuyansa ga wanzamin da ya zauna a wuri mai haɗari. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka lura da abu biyu: yadda suke rarrabe sakaci daki-daki, da kuma yadda mutumin da aka yanka ya shigo lissafin a matsayin dukiyar da ta salwanta.

Daga hannunsu aka samu ƙa'idoji irin su hujja tana kan mai da'awa, ba a hukunta mutum kan abin da ya raya a zuciya, da maganar Kaisar Tarajan cewa gara mai laifi ya kuɓuta da a hukunta mara laifi.

Akwai 'yan sanda da gidan yari?

A zamanin jamhuriya babu 'yan sanda, babu mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kowane ɗan ƙasa na iya tsayawa ya tuhumi wani. Agustas ne ya kafa masu gadin dare da kashe gobara a shekara ta 6 miladiyya. Kurkuku wurin jira ne kafin hukunci ko kisa, ɗauri na shekaru ba ya cikin tsarinsu. Babban mutum in ya ga shari'a za ta ci shi, sai ya tattara ya bar gari, a haramta masa wuta da ruwa a ƙasar Rum.

Haka Beres ya yi. Ya yi gwamnan Sisili shekara uku, an ba kura ajiyar nama. Sisaro, da ya tuhume shi a 70 K.M., ya ce mutumin yakan yi alfaharin cewa abin da ya tara a shekarar farko nasa ne, na biyu na lauyoyinsa, na uku na alƙalai. Shaidu suka yi masa yawa, bai jira ƙarshe ba ya gudu Marsai, a Faransa ta yau, da dukiya mai yawa a hannunsa. Ƙaramin mutum da bawa kuwa bulala ce, da haƙar ma'adinai, da namun daji, da gicciye. Bayan tawayen bayi da Isfatakus ya jagoranta a 71 K.M. mutum dubu shida aka gicciye a gefen hanya daga Kafuwa zuwa Rum.

Yaya matsayin uba, da na mata?

Ikon uba a Rum ya ba har maƙwabtansu mamaki. Muddin mahaifinka na raye, ko ka yi furfura, ko kai ne kwansul, ba ka mallaki komai ba a doka. Abin hannunka nasa ne. Abin da ya rage zafin shi ne iyaye da yawa ba sa daɗewa a duniya.

Mace ba ta zaɓe, ba ta riƙe muƙami. Amma tana gado, kuma in uba ya mutu bai bar wasiyya ba rabonta daidai yake da na ɗan'uwanta. Mace ɗaya ake aure. Dukiyar aure daga gidan amarya take fitowa zuwa ga miji, akasin sadaki, kuma in aure ya mutu ya mayar. A ƙarshen jamhuriya yawancin mata ba sa shiga ƙarƙashin ikon miji, dukiyarsu daban, kuma kowane ɓangare na iya kashe auren ba tare da zuwa kotu ba. 'Ya'ya dai na uba ne. Ana sa wa mace waliyyi mai sa hannu a manyan cinikayya, wai don raunin hankali. Masani Gayus da kansa ya ce wannan dalili ya fi kama da ado fiye da gaskiya. Agustas ya cire waliyyin ga wadda ta haifi uku. Shi ne kuma ya mayar da zina laifin hukuma a 18 K.M., daga baya ya kori 'yarsa tilo, Yuliya, zuwa wani tsibiri kan wannan zargi.

Bayi fa?

A doka bawa kaya ne. Ba a karɓar shaidarsa sai an gana masa azaba. In aka kashe maigida a gidansa, duk bayin da ke ƙarƙashin rufin kashe su ake yi. A 61 miladiyya wani bawa ya kashe hakimin birnin Rum, bayin gidan ɗari huɗu ne, jama'a suka fito da duwatsu suna neman a yi afuwa, majalisa ta ƙi, Kaisar Niro ya jera sojoji a hanya aka wuce da su.

Ga kuma ɗaya fuskar. Bawan da Barume ya 'yanta ta hanyar doka yakan zama ɗan ƙasa, abin da Girkawa ba su yi ba. Shi ba zai riƙe muƙami ba, ɗansa zai iya. Fatinas, wanda ya zama Kaisar a 193, ɗan 'yantaccen bawa ne.

Me ya kashe jamhuriyar?

Tsari ne na gari guda aka ɗora masa daula. Ganima ta cika gidajen manya, ƙananan manoma suka rasa gonaki. A 133 K.M. tiribun Taibiriyas Girakus ya kawo dokar raba filayen gwamnati. Wani tiribun ya hau kujerar na-ƙi, Girakus ya sa aka tsige shi, abin da ba a taɓa yi ba. Sanatoci suka fito da ƙafafun benci da kulake suka kashe shi da magoya bayansa wajen ɗari uku, aka zuba su a Tiba. Ranar nan aka gane cewa yawancin abin da ake zaton doka ne, al'ada ce da kunya.

Daga nan sai gangara. Sojoji marasa gona suka koma sa ido ga janar ɗinsu don ladan ritaya. Sulla ya shigo Rum da runduna a 88 K.M., daga baya ya riƙa kafe sunayen waɗanda duk wanda ya kashe su zai sha lada. Yuliyas Kaisar ya ƙetare rafin Rubikon, iyakar Italiya a lokacin, da sojoji a 49, ya zama dikteta na har abada a farkon 44, aka sassoke shi ranar 15 ga Maris. Masu kisan sun zaci da mutuwarsa tsohon tsari zai dawo da kansa. Sabon yaƙin basasa suka samu, na shekara goma sha uku.

Agustas sarki ne ko ba sarki ba?

Sarki ne da ya san kada ya faɗa. A 27 K.M. ya yi shelar ya mayar wa majalisa da jama'a mulki, ya kira kansa na farko cikin 'yan ƙasa. Kwansul suna nan, zaɓe na nan, majalisa na zama. Shi dai ya riƙe lardunan da ke da sojoji, da Masar mai ciyar da Rum, wadda sanata ba ya taka ta sai da izininsa, da ikon tiribun ba tare da kujerar ba. Bayan mutuwarsa a 14 miladiyya zaɓen ma aka mayar da shi cikin majalisa. Bayan shekara ɗari biyu, Ulfiyan ya rubuta a fili cewa abin da Kaisar ya ga dama shi ne doka.

Tunda a baki ba sarauta ba ce, ba a taɓa tsara dokar gado ba. A 69 Kaisarori huɗu aka yi cikin shekara guda. A 193 dogaran fada suka kashe Fatinas suka yi gwanjon kujerar, Didiyus Yuliyanus ya taya kowane soja 25,000 na kuɗinsu, aka sallama masa. Bai cika wata uku ba.

Da ma'aikata nawa suka mulki ƙasashe masu yawa haka?

'Yan kaɗan. Gwamna da 'yan mataimakansa, sauran aikin manyan kowane gari ne: su tara haraji, su kashe ƙananan rigingimu da dokokinsu na gida. Wanda ya san yadda Turawan Ingila suka yi mulki ta hannun sarakuna zai gane dabarar. Abin da suke tsoro shi ne taro. Gwamna Filini ya nemi izinin kafa 'yan kwana-kwana 150 a Nikomidiya bayan wata gobara, Tarajan ya ƙi, ya ce kowace ƙungiya siyasa take komawa, a tanadi kayan kashe wuta kawai. Zama ɗan ƙasa kuwa lada ne da ake ba masu biyayya, har 212, lokacin da Karakalla, wanda mahaifinsa mutumin Libiya ta yau ne, ya ba kusan duk 'ya'yan daular.

Ta ina dokar ta iso zamaninmu?

Ta hannun Kaisar Jastiniyan na Rum ta gabas. A ƙarshen 530 ya sa ministansa Tiriboniyan da kwamiti su tace rubuce-rubucen tsofaffin masana. Shi da kansa ya ce sun rage layi miliyan uku zuwa 150,000, kuma a Disambar 533 aka fitar da kundin mai littafi hamsin. Labarin wanzamin nan a ciki yake. A yammacin Turai an kusa mantawa da shi, har ƙarshen ƙarni na 11 da malamai a Bolonya ta Italiya suka soma karantar da shi. Daga nan ya bazu jami'o'i, ya zama ginshiƙin kundin Faransa na 1804 da na Jamus na 1900. Kwansul da tiribun sun tafi, dokar saye da sayarwa, haya, jingina, ajiya da diyya ta zauna.

Shi ya sa ɗalibin lauya a Yamai ko Injamena, inda aka gaji tsarin Faransa, ya fi na Zariya ko Tamale kusa da Ulfiyan, domin na Zariya da Tamale dokar Ingila suka gada, wadda ta girma kan hukunce-hukuncen alƙalai. Kamaru ta haɗa biyun. A kowane ɓangare dai aure da gado da gona sun fi tafiya bisa shari'ar Musulunci da al'ada. Amma in rigimar kwangila ce tsakanin 'yan kasuwa biyu, ɗaya ta tashi a Katsina ɗaya a Maraɗi, lauyan Katsina zai fara da lalubo hukuncin da wata babbar kotu ta taɓa yankewa, na Maraɗi kuma ya buɗe kundi ya karanta lambar sashe.